Marubuciyar da ta kashe mijinta: rubutun ne ya ja ta, ko hali ne?

Wata 'yar uwa ce ta turo min tambaya, ta ce ta ji labarin matar nan ta Amurka mai rubuta littattafan soyayya, wadda ta taɓa rubuta maƙala kan yadda mace za ta kashe mijinta, ƙarshe kuma kotu ta kama ta da laifin kashe nata mijin. Ta ce ita ma tana rubuta labarai kuma akwai kisa da makirci a cikin nata, tun da maigidan ya ji wannan labari yake ce mata ai marubuta duk masu cutar son kai ne, wai nasisizim, rabi wasa rabi gaske, har abin ya fara damunta. Tana so ta san ko akwai gaskiya a maganar, kuma me ke faruwa a zuciyar wanda zai iya aikata irin wannan.

Toh 'yar uwa sannu da ƙoƙari, kin kyauta da kika fito da maganar maimakon ki bar ta tana cin ki a rai. Wannan fannina ne, shekara da shekaru ina zama da ma'aurata da masu matsalar ɗabi'a a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, don haka zan ba ki amsa a tsanake, ki yi haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

Matar sunanta Nancy Crampton Brophy, a garin Portland na jihar Oregon take zaune a lokacin. Mijinta Daniel Brophy malami ne a wata makarantar koyon girki da ke garin, shekararsa 63, sun haura shekara 20 suna tare. Ranar Asabar 2 ga Yunin 2018 da safe ɗalibansa suka shigo kicin ɗin makarantar suka tarar da shi kwance a ƙasa, harbi biyu, ɗaya a baya ɗaya a ƙirji. Masu gabatar da ƙara sun ce yana tsaye ne bakin famfo yana cika bokitai da ruwa da ƙanƙara kafin ɗalibai su iso, wato bai ma juyo ba aka fara harbinsa. Wallahi wannan wurin shi ne yake tsaya min a rai duk lokacin da na tuna shari'ar, mutum ya yi sammako yana shirya wa yaransa kayan aiki, hankalinsa kwance.

Ita kuma maƙalar da duniya ta ɗauka tana yayatawa, wadda ta rubuta tun 2011, alƙalin bai ma bari an gabatar da ita a matsayin hujja ba, ya ce an rubuta ta shekaru da yawa kafin kisan kuma za ta iya karkatar da tunanin masu taya shi yanke hukunci ba bisa adalci ba. Kin ga kenan ba rubutu ne ya ɗaure ta ba. Abin da ya ɗaure ta shi ne kyamarorin kan titi da suka ɗauki motarta a kusa da makarantar daidai lokacin da abin ya faru alhali ta ce wa 'yan sanda tana gida, da ta zo kotu kuma ta ce ita ba ta tuna ta je wurin ba. Sai maganar bindiga, ta fara sayen kayan haɗa bindiga ta intanet, ta dawo ta sayi ƙaramar bindiga ƙirar Glock a wajen baje kolin bindigogi, sannan ta sayi wani bututun Glock ɗin daban a kasuwar intanet ta eBay, masu ƙara suka ce ta cire na asali ta sa wannan ta yi harbin sannan ta mayar da na asalin don kada harsashi ya dace da bindigar da ke gida, kuma wancan bututun har aka gama shari'a ba a gan shi ba. Ita ta ce duk bincike take yi saboda littafin da za ta rubuta. Sai kuɗi, suna cikin matsi har biyan bashin gida yana gagararsu amma ba ta fasa biyan kuɗin inshorar ransa ba, wadda idan ya mutu za ta samu sama da dala miliyan 1, kuma ita kanta sana'ar sayar da inshora take yi, ta san kan abin. 'Yan kwanaki da rasuwarsa ta nemi ɗan sandan da ke bincike ya ba ta takardar cewa ba a zarginta don kamfanin inshora ya biya ta. Ranar 25 ga Mayun 2022 aka same ta da laifi, 13 ga Yuni aka yanke mata ɗaurin rai da rai, sai ta yi shekara 25 kafin a duba ko za a sake ta, lokacin da aka yanke hukuncin tana da shekara 71.

Yanzu shi nasisizim ɗin da maigidanki yake faɗa. Sunan ya samo asali ne daga tatsuniyar Girkawa ta wani saurayi Narsisus da ya ga fuskarsa a ruwa ya kamu da son ta har ya kasa tashi daga bakin ruwan. Masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ya yi rubutu a kai a 1914, amma sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin kundinta na cututtuka a matsayin matsalar ɗabi'a mai zaman kanta. Alamomi tara aka jera, sai mutum ya cika biyar, kuma su zama sun zauna masa tun ƙuruciya suna ɓata masa zama da mutane a ko'ina, ba wai rana ɗaya ya yi fankama a wajen biki ba. Akwai ganin ya fi kowa, da zama cikin mafarkin ɗaukaka da mulki, da jin cewa shi na daban ne sai manya ne za su fahimce shi, da ƙishirwar yabo da ba ta ƙarewa, da ganin komai haƙƙinsa ne a yi masa, da amfani da mutane kamar tsani, da rashin jin zafin wani, da hassada ko zargin kowa na masa hassada, sai girman kai a magana da mu'amala. Cikin waɗanda ake samu da ita maza sun fi yawa, daga rabi zuwa kashi uku cikin huɗu.

Kalmar "son kai" tamu ba ta ɗauke abin duka ba gaskiya. Mai son kai shi ne wanda zai zaɓi tsoka mai girma a kwano, wannan kowa yana da ɗan nasa. Abin da muke magana a kai ya fi kusa da jiji da kai wanda aka gina a kan rami, daga waje ka ga isa da taƙama, daga ciki kuma kunya ce da tsoron a gano shi ba kowa ba ne. Kuma fuska biyu gare shi, akwai mai cika baki wanda kowa ya sani, akwai kuma mai shiru-shiru wanda kullum shi ne wanda aka zalunta, shi ne ba a san darajarsa ba, duniya ce ba ta gane baiwarsa ba. Wannan na biyun ya fi wuyar ganewa kuma ni a aikina shi na fi gani a cikin gidajen aure.

Inda haɗarin yake shi ne lokacin da aka taɓa wannan ramin. Wani likitan ƙwaƙwalwa Heinz Kohut a 1972 ya yi bayanin irin fushin da ke tasowa idan aka muzanta mai wannan hali, fushi ne da ba ya dacewa da girman laifin kuma ba ya hucewa sai ya rama. Akwai wani gwaji da masana halayyar ɗan Adam Brad Bushman da Roy Baumeister suka wallafa a 1998 wanda nake son ki sani tunda ya shafi rubutu kai tsaye. Sun sa ɗalibai kowa ya rubuta gajeriyar maƙala, sai aka dawo wa wasu da yabo, wasu kuma aka dawo musu da suka mai zafi cewa rubutun bai yi ba sam, daga nan aka ba kowa dama a cikin wani wasa ya aika wa wanda ya duba masa rubutun ƙara mai ƙarfi a kunne, shi zai zaɓi ƙarfinta da tsawonta. Waɗanda suka fi cutar da abokin wasan su ne masu yawan jiji da kai da aka soki rubutunsu. Idan an yabe su lafiya lau ake rabuwa. A 2021 Bushman da Sophie Kjærvik suka haɗa bincike 437 da ya ƙunshi mutum sama da dubu 120 suka ga alaƙar tana nan, jiji da kai yana tafiya da saurin kai hari, musamman in an tsokane shi.

Amma ki lura da kyau, alaƙa daban, hukunci daban. Mafi yawan masu wannan hali har su mutu ba za su kashe kowa ba, abin da suke yi shi ne su gajiyar da na kusa da su, su sa mace ta dinga shakkar hankalinta, su sa 'ya'ya su tashi suna tafiya a kan ƙaya. Kuma kisan da aka yi wa Daniel Brophy bai yi kama da na fushin da ya taso nan take ba, watanni aka ɗauka ana sayen kaya ana lissafi, wannan sanyin zuciya ne, ya fi kusa da abin da mu a gida za mu ce rashin imani, likitoci kuma su ce saikofati. Masana halayyar ɗan Adam Erich Fromm a 1964, daga baya Otto Kernberg, sun yi magana kan inda biyun ke haɗuwa, jiji da kai ya haɗu da rashin tausayi da rashin ganin doka a bakin komai, su ne suka kira shi mugun nau'in nasisizim. Idan akwai inda jiji da kai ke shiga irin wannan kisa to a wuri biyu ne a ganina, na farko mutum ya yarda cewa rayuwar da yake mafarki haƙƙinsa ce kuma abokin zamansa shi ne ya tare hanya, na biyu ya yarda cewa ya fi 'yan sanda wayo. Wannan na biyun shi yake kama su. An tsara maganar bututun bindiga tsaf amma an manta akwai kyamara a titi.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan hauka ne. Ba hauka ba ne, mai shi ya san daidai ya san ba daidai ba, ya san abin da yake ɓoyewa, shi ya sa kotu ba ta ɗauke masa alhaki saboda shi.

Toh ina rubutu ya shigo? Akwai wani marubuci ɗan ƙasar Holan, Richard Klinkhamer, matarsa Hannie ta ɓace a 1991, 'yan sanda suka zarge shi suka bincika gidan ba su samu komai ba. Bayan kamar shekara ɗaya sai ya kai wa mawallafi rubutun littafi wanda a ciki yake zayyana hanyoyi bakwai da zai yiwu ya kashe matarsa da su, mawallafin ya ƙi bugawa. Ya bar gidan ya koma Amsterdam, sai a 2000 waɗanda suka shiga gidan suna gyara suka fasa simintin wani ɗan ɗaki a bayan gida suka ci karo da ƙasusuwanta, ya amsa laifi, aka ɗaure shi, 2003 ya fito. Ki duba fa, mutum ya tsira babu hujja a kansa, hankali zai ce ya ja bakinsa ya yi shiru, amma ya kasa, sai ya kai wa duniya ta gani. A Folan ma an yi Krystian Bala, shi ba matarsa ya kashe ba, wani ɗan kasuwa ne Dariusz Janiszewski da yake zargin yana neman matar da suka rabu, aka tsinci gawar a kogin Oder a ƙarshen 2000, a 2003 Bala ya fitar da littafi mai ɗauke da kisa da ya sa ɗan sanda ya ƙara sa masa ido, amma shi ma abin da ya fara kai bincike kansa wayar mamacin ce da aka sayar a intanet ta asusunsa, 2007 aka ba shi shekara 25. Sai William Burroughs na Amurka da ya harbe matarsa Joan Vollmer a birnin Meziko a 1951 cikin maye, tana da shekara 28, kwana 13 kacal ya yi a tsare, bayan shekaru ya rubuta cewa ba don mutuwarta ba da bai zama marubuci ba. Wannan maganar duk lokacin da na tuna ta sai raina ya ɓaci, yarinya ta rasa ranta ta bar 'ya'ya ƙanana, amma a bakinsa ta koma matakin da ya taka ya zama wani abu.

Nan ne gizo ke saƙar 'yar uwa. Abin da ya haɗa waɗannan mutane ba alƙalami ba ne, shi ne sun daina ganin wanda ke gabansu a matsayin mutum mai nasa rai da nasa buri, ya koma ɗan wasa a cikin labarin da su ne jarumansa, kuma ɗan wasa in ya tare wa labari hanya ai goge shi ake yi. Rubutu na gaskiya kuwa akasin haka yake buƙata, ba za ki iya rubuta kishiya ta fito da rai ba sai kin shiga zuciyarta kin ji abin da take ji ko da ba kya sonta. Wannan shi ne ainihin abin da mai mugun jiji da kai ya rasa. Dubban mutane a duniya suna rubuta labaran kisa kullum, su rufe kwamfuta su je su ɗauko yara daga makaranta, shi ya sa in ɗaya ya aikata ake ta maganarsa shekara da shekaru, don abin ba a saba gani ba ne.

Bari in ba ki abin da na gani da idona, na canza wasu bayanai saboda amana. Wata baiwar Allah aka kawo min ba ta iya barci, ta rame, mijin ne ya rako ta, mutum mai tsafta mai iya magana, shi ma yana taɓa rubutu. Duk tambayar da na yi mata shi yake amsawa, in ce Hajiya tun yaushe abin ya fara, ya ce tun bayan salla ne likita, ita kuma tana kallon yatsunta tana murza bakin mayafi. Da ya faɗi shekarar da suka yi aure sai ta ce a hankali, a'a Malam, shekarar da ta biyo baya ce. Wallahi ban manta yadda fuskarsa ta canza ba, murmushin yana nan amma idon ya mutu, ya juya ya kalle ta daƙiƙa biyu, ita kuma nan take ta ce yi haƙuri ni ce na manta. Da na samu ganinta ita kaɗai take faɗa min wata rana ya ba ta labarinsa ta karanta, ta ce ya yi daɗi sai dai ƙarshen ya ɗan ja, sati uku bai ci abincinta ba bai amsa gaisuwarta ba, bayan nan ya saka wata mata a labarin mai irin kamanninta, ya zuba sirrin da ta taɓa faɗa masa game da gidansu a bakin matar, ya tura wa abokansa. Babu kisa ko ɗaya a rubutun mutumin nan, soyayya ce zalla da wa'azi. Amma ita na ji wa tsoro, ba matar wanda ke rubuta labarin 'yan fashi ba.

Duk da haka ba zan ce miki Nancy Brophy tana da wannan cuta ba, ka'idar aikinmu ta hana. Tun 1973 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka kafa doka cewa ba a yanke wa mutum cuta daga nesa ba tare da an zauna da shi ba, bayan abin kunyar da ya faru a 1964 da wata mujalla ta tara ra'ayin likitoci kan ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater, ya kai ƙara kuma ya yi nasara. Shari'ar Michael Peterson ma ta isa ta sa mutum ya yi taka-tsantsan, shi ma marubucin littattafai ne a Durham ta jihar Karolina ta Arewa, aka tsinci matarsa Kathleen a ƙasan matattakalar bene a Disamban 2001, aka ɗaure shi a 2003, a 2011 aka soke hukuncin saboda an gano masanin jinin da ya ba da shaida ya yaudari kotu, a 2017 ya karɓi wata yarjejeniya da ta ba shi damar amincewa akwai hujjar da za ta iya ɗaure shi ba tare da ya ce ya aikata ba. Mutane sun kalli fuskarsa a talabijin wasu sun rantse mai jiji da kai ne makashi, wasu sun rantse an zalunce shi, fuska ɗaya ce kuma suke kallo.

Sannan in don maganar wa ke kashe wa ne a gidan aure, alƙaluma ba marubuta suke nunawa ba, ba ma mata suke nunawa ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2023 kaɗai mata da 'yan mata kusan 51,100 ne suka mutu a hannun mazajensu ko samarinsu ko wani na gida, wato 140 kowace rana, kuma Afirka ce ta fi yawa da kusan 21,700. Wata masaniya a Ingila, Jane Monckton Smith, ta bi diddigin kisan mata 372 ta ga hanya kusan ɗaya ce ake bi, soyayya mai gudu da wuri, sai juya mutum da sa masa ido a komai, sai wani abu ya faru da zai sa mai juyawar ya ji abin zai kuɓuce masa kamar neman saki, daga nan sai shiri. Bincike a Amurka kuma ya nuna macen da mijinta ya taɓa shaƙe mata wuya haɗarin ya kashe ta ya ninka kusan sau bakwai. Waɗannan su ne abubuwan da nake tambaya in mace ta zauna a gabana, yana duba wayarki, ya raba ki da 'yan uwanki, ya taɓa kama miki wuya, ya taɓa cewa in ba shi ba sai dai kabari, akwai makami a gidan. In namiji ne ya zo da irin wannan kuka shi ma haka nake tambayarsa. Duk wanda ya karanta wannan ya ga gidansa a ciki don Allah kada ya tsaya neman sunan cutar, ya faɗa wa wani babba da ya yarda da shi yau, ya je asibiti ko wajen hukuma, kuma in za a rabu a shirya fitar da sanin dangi don lokacin rabuwa shi ne ya fi haɗari.

Ke kuma 'yar uwa, tunda kin ce rabi wasa ne rabi gaske, ki ɗauki rabin gasken ki zauna da maigidan cikin daɗin rai, wataƙila ba kisa yake tsoro ba, wataƙila yana ganin kina shiga wata duniya da ba shi a ciki, ko yana tsoron wata rana ya ga kansa a shafi. Ki faɗa masa abin da alƙalin Portland ya yi da maƙalar, ki yi masa alƙawarin sirrin gidanku ba zai shiga labari ba. Sai ki ɗauko babin da kika gama jiya ki miƙa masa ki ce Malam karanta ka faɗa min inda bai yi ba, ki zauna kusa da shi har ya gama.